Yadda wasu ƙwayoyin bakteriya ke rayuwa cikin ruwan kanwa

Tafkin Magadi da ke kudancin Kenya da Tafkin Natron da ke arewacin Tanzaniya ba irin ruwan da mutum zai so tsoma ƙafarsa ciki ba ne. Ruwan nasu cike yake da kanwa, har ta kan daskare ta yi ɓawo fari a saman tafkin, kuma tun a shekarar 1911 aka kafa kamfanin da ke haƙarta a Magadi. Kifin da ke iya zama a wuraren bai wuce wasu 'yan ƙananan nau'o'in karfasa ba, su ma a gefe-gefe suke raɓewa inda maɓuɓɓugai ke shigowa.

Amma duk da haka masana sun lissafa tafkunan kanwa cikin ruwayen da suka fi kowanne yawan rai a doron ƙasa. Cokali guda na ruwan na ɗauke da miliyoyin ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, kuma su ne ke rina tafkin ya yi ja ko kore. Da su ne kuma ɗimbin tsuntsayen filamingo da ke hayayyafa a Natron ke ciyar da kansu.

Tambayar da ta daɗe tana damun masu bincike ita ce: yaya halittar da ba ta kai kaurin gashi ba ke zaune lafiya cikin ruwan da ke iya cin fatar mutum? Amsar da aka samu bayan shekaru fiye da hamsin ana aiki ita ce, waɗannan halittu ba sa barin kanwar ta mamaye cikinsu. Yini suke yi suna kare shi, kuma kariyar na da tsada.

Ma'aunin tsami da kanwa

Kowace uwargida ta san cewa kanwa na kashe tsami. Idan tsamiya ta yi yawa a kunu, ɗan ruwan kanwa ne maganinta. Abin da ke faruwa a tukunyar shi ne masana kimiyyar sinadarai suka mayar da shi lissafi. Tsami yana zuwa ne daga yawan wasu ƙwayoyi na haidirojin masu ɗauke da cajin lantarki da ke yawo a cikin ruwa. Idan sun yi yawa ruwan ya zama asid, idan kuma sun yi ƙaranci ruwan ya koma ɓangaren kanwa da toka.

A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmark mai suna Soren Sorensen ya fito da ma'aunin da ake kira pH, wanda aka saba karanta shi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, wato matsayin tataccen ruwa. Ruwan lemon tsami yana wajen 2, jinin ɗan Adam kuwa yana tsakanin 7.35 da 7.45, kuma idan ya kauce daga nan da ɗan kaɗan sai an dangana da asibiti. Tafkunan kanwa kan kai 10 ko fiye. Abin lura shi ne, kowane mataki guda a ma'aunin ninki goma ne. Ruwan da ke kan 10 yana da ƙarancin ƙwayoyin haidirojin sau dubu idan aka kwatanta da wanda ke kan 7.

Kalmar alkali da Turawa ke kiran wannan ɓangare da ita daga Larabci aka aro ta, inda take nufin tokar wata ciyawa da ake ƙonawa don yin sabulu, kuma ba ta da wata alaƙa da alƙalin kotu. Haka nan alamar Na da ɗalibai ke rubutawa a madadin sodiyam tana komawa ne ga kalmar natrun, wato kanwa, wadda Wadi Natrun na ƙasar Masar ya samo sunansa daga gare ta.

Ita ƙwayar bakteriya tamkar 'yar jaka ce da wani siririn tantani na maiƙo ya lulluɓe. A cikin jakar akwai dubban nau'o'in furotin da ke gudanar da ayyukan rayuwa, kuma galibinsu ba sa aiki sai cikin ruwan da ke kusa da tsaka-tsaki. Tsami ya yi yawa su lalace, kanwa ta yi yawa su tsaya cak. Saboda haka dole kowace ƙwaya ta tsare ma'aunin cikinta ko da me ke faruwa a waje. Alal misali, bakteriyar E. coli da ke zaune a hanjin mutum tana riƙe cikinta a wajen 7.5, alhali ruwan da take ciki na iya sauyawa daga 5 zuwa kusan 9.

Dabarun jure tsami su aka fi sani, domin sun shafi lafiya kai tsaye. Helicobacter pylori, ƙwayar da ke haddasa gyambon ciki, tana farfasa sinadarin yuriya ta samar da amoniya, ta kewaye kanta da ita a tsakiyar asid ɗin tumbi. Gano rawar da take takawa ne ya ba Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya lambar yabo ta Nobel a shekarar 2005. Ɗaya ɓangaren kuwa, wato rayuwa cikin kanwa, an daɗe ba a waiwaye shi ba.

Aikin Horikoshi

Tun a shekarar 1934 aka bayyana wata bakteriya mai son kanwa da aka sa wa suna Bacillus alcalophilus, amma aka ɗauke ta a matsayin wani abin mamaki da ba shi da ƴan'uwa. Wanda ya buɗe fagen sosai shi ne Koki Horikoshi na ƙasar Japan, daga shekarar 1968. Abin da ya yi mai sauƙi ne ƙwarai: ya zuba sinadarin kanwa a cikin abincin da ake renon bakteriya da shi har ma'aunin ya kai wajen 10, sannan ya barbaɗa ƙasa a kai. Bisa ga abin da aka sani a lokacin, bai kamata wani abin kirki ya tsiro ba. Sai ga farantan sun cika.

Abu biyu suka fito daga wannan aiki. Na farko, masu son kanwa ba a tafkunan Afirka kaɗai suke ba, suna nan a ƙasar gona ta yau da kullum. Na biyu, da yawansu ba sa girma sai akwai sodiyam a kusa, wanda shi ne sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa. A lokacin ba a fahimci dalilin hakan ba, amma a nan ne bakin zaren yake.

Daga baya Terry Ann Krulwich da abokan aikinta a makarantar koyon aikin likita ta Mount Sinai da ke New York suka shafe shekaru da dama suna nazarin wata ƙwaya mai suna Bacillus pseudofirmus OF4. Sun gano cewa idan ruwan waje yana kan 10.5, cikin ƙwayar yana tsaye ne a wajen 8.3. Ma'ana, ƙwayoyin haidirojin da ke cikinta sun ninka na waje fiye da sau 150. Kazalika ta fi saurin hayayyafa a 10.5 fiye da yadda take yi a 7.5. Sai an haura 11 sannan kariyar ke fara gazawa, cikin nata ya tashi ya wuce 9, girma kuma ya ragu. Tun daga shekarar 2020 masu rarraba halittu sun sake wa wannan ƙwaya da danginta sunaye, amma tsofaffin ne aka fi sani.

Ƙofar musaya

Don fahimtar yadda hakan ke yiwuwa sai an koma ga wani masani ɗan Ingila, Peter Mitchell, wanda a shekarar 1961 ya bayyana cewa tantanin ƙwayar halitta yana aiki ne kamar batir. Yayin da ƙwayar ke ƙona abinci, tana tura ƙwayoyin haidirojin waje. Da yake suna ɗauke da caji, fitarsu na sa cikin ƙwayar ya kasance da kishiyar cajin waje, wanda ke janyo su su dawo. Dawowar tasu ta wasu keɓaɓɓun ƙofofi ita ce ke juya injinan ƙwayar, kamar yadda ruwan dam ke juya injin ba da wuta. An yi ta jayayya da shi shekara da shekaru kafin ya karɓi lambar Nobel a 1978.

A cikin ruwan kanwa wannan tsari na jefa ƙwayar cikin tsaka mai wuya. Dole ta yi numfashi, numfashin kuma na fitar da ainihin abin da ta fi buƙata a ciki, zuwa wurin da zai ɓace nan take. Mafitar ita ce wani furotin da ke dashe a jikin tantanin, wanda za a iya kira ƙofar musaya. Aikinsa cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne: yana fitar da sodiyam, yana shigo da haidirojin.

Sirrin yana cikin rashin daidaiton musayar. Ƙofar da aka fi nazari a kanta, wato NhaA ta E. coli, tana shigo da haidirojin biyu ne a kan kowane sodiyam ɗaya da ta fitar. Tunda dukkansu cajinsu iri ɗaya ne, kowace musaya na nufin caji guda ya shigo ciki, kuma wannan shi ne abin da batirin tantanin ke so. Don haka ƙarfin lantarkin ne ke jawo haidirojin daga inda yake da ƙaranci zuwa inda ya fi yawa, abin da ba zai taɓa faruwa da kansa ba. Etana Padan ta Jami'ar Hebrew da ke Birnin Ƙudus, wadda ta sadaukar da yawancin aikinta ga wannan furotin, ta nuna cewa shi da kansa yana jin sauyin ma'auni: a 6.5 kusan a rufe yake, amma kafin a kai 8.5 ƙarfin aikinsa ya ninka wajen sau dubu biyu. A shekarar 2005 aka wallafa cikakkiyar siffarsa, bayan haɗin gwiwa da masu bincike a birnin Frankfurt na Jamus.

Su kuwa masu son kanwa na haƙiƙa, babbar ƙofarsu ta fi wannan girma. A shekarar 1994 masu bincike a Japan suka yi nazarin wata ƙwayar Bacillus halodurans da ta rasa iya girma cikin kanwa mai ƙarfi, suka tarar cewa sauyi guda tak a ƙwayar gadonta ne ya nakasa ta. Wurin da sauyin ya faɗa shi ne ya kai su ga ƙofar da ake kira Mrp, wadda furotin bakwai ne suka haɗu suka tayar da ita. Hotunan siffarta da aka samu daga shekarar 2020 sun ƙara tabbatar da cewa wasu sassanta dangin injin numfashi ne da ke cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam.

Sai dai musaya ba ta yiwuwa in babu abin bayarwa. Idan ƙwayar ta ci gaba da fitar da sodiyam, cikin ɗan lokaci zai ƙare mata. A nan ne amsar abin da Horikoshi ya lura da shi ta fito. Waɗannan halittu sun mayar da yawancin ƙofofin shigo da abinci masu aiki da sodiyam, ta yadda kowace lomar da ta shiga tana tafe da shi. Hatta jelar da suke kaɗawa su yi iyo, sodiyam ne ke juya ta a maimakon haidirojin. Ke nan sodiyam na shiga ta ƙofar abinci da gindin jela, ya fita ta ƙofar musaya, yana jawo haidirojin a kowane zagaye. An cire sodiyam daga ruwan, cikin ƙwayar kan tashi ya yi daidai da waje cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

Akwai kuma kariya ta biyu a jikin garun da ya kewaye tantanin. Masu son kanwa kan jera wasu sinadarai masu tsami a garun, waɗanda cajinsu ke riƙe haidirojin da sodiyam kusa da jiki, yana kuma ture sinadarin kanwar baya.

Wata matsala guda har yanzu tana jawo muhawara tsakanin masana. Saboda cikin ƙwayar ya fi wajenta tsami, ƙarfin da ke tura haidirojin ciki ya faɗi ƙasa da rabin wanda take da shi a ruwan tsaka-tsaki. A lissafi, bai kamata ya isa juya injin da ke ƙera ATP ba, sinadarin da ke zaman kuɗin kashewa a kowace ƙwayar halitta. Amma injin na juyawa, kuma da haidirojin yake aiki. Bayanin da Krulwich da wasu suka fi karkata gare shi shi ne, haidirojin ɗin da aka tura waje ba ya narkewa cikin ruwan nan da nan, yana bin saman tantanin ne ya faɗa bakin injin da ke kusa kafin kanwar ta haɗiye shi.

Daga marina zuwa kasuwar Kanem

Tun kafin a ƙera madubin ganin ƙananan halittu mutane ke cin moriyar wannan baiwa ba tare da sun sani ba. A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, marina kan haɗa baba da toka da katsi a cikin rami, su bar shi kwanaki yana ruɓa suna motsawa. Shunin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai kama zane ba sai an sauya masa siffa. Tokar ce ke ɗaga ruwan zuwa ɓangaren kanwa, ƙwayoyin bakteriya kuma su cinye iskar da ke cikinsa, su mayar da shunin mai narkewa. Shi ya sa zane ke fitowa daga rami da launin kore-kore, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi. A Japan, inda ake irin wannan rini na gargajiya cikin ruwan da ya haura 10, an tantance wasu daga cikin masu aikin, irin su Alkalibacterium da Amphibacillus.

Daddawa ma haka take. Bacillus subtilis da ke ruɓar da kalwa tana farfasa furotin ta saki amoniya, ma'aunin ya haura 8, abin da ke hana ƙwayoyi da yawa masu ɓata abinci sakewa. Warin da aka san daddawa da shi, wani kaso nasa na amoniyar ne.

A yankin Kanem na ƙasar Chadi kuwa, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani koren kumfa daga saman tafkunan kanwa, su shanya shi a kan rairayi, su farfasa su kai kasuwa da sunan dihe, ana miya da shi. Wani masanin tsirrai na Faransa, Pierre Dangeard, ya bayyana shi a shekarar 1940, sannan Jean Leonard na Beljiyam ya sake cin karo da shi a kasuwannin Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, a tsakiyar shekarun 1960. Wannan kumfa bakteriya ce mai amfani da hasken rana, ita ce duniya ta sani yanzu da sunan sifirulina, kuma wajen kashi 60 cikin ɗari na busasshen nauyinta furotin ne. Kanwar tafkin ce ke kore mata abokan gasa.

Kamfanoni sun shigo lamarin ne ta ƙofar wanki. Ruwan omo ruwan kanwa ne, kuma sinadaran narkar da datti da ake sawa a ciki dole su iya aiki a irin wannan yanayi. Waɗanda masu son kanwa ke fitarwa waje don narkar da abincinsu sun dace da buƙatar. A shekarar 1987 kamfanin Kao na Japan ya fitar da garin wanki mai suna Attack, ɗauke da irin wannan sinadari daga wata ƙwayar Bacillus.

Ribar da ke ciki ta haifar da rikici. A shekarar 2004 hukumar kula da namun daji ta Kenya ta yi ƙorafin cewa kamfanin Genencor na Amurka yana sayar da sinadaran da asalinsu ƙwayoyin da aka ɗebo ne daga tafkunan ƙasar, ciki har da Bogoria, ba tare da Kenya ta amfana ba. Irin wannan taƙaddama na cikin abubuwan da yarjejeniyar Nagoya ta shekarar 2010 ta nemi magancewa, inda ta tanadi cewa sai an nemi izinin ƙasa, an kuma raba amfani da ita, kafin a yi kasuwanci da halittunta. Yarjejeniyar ta fara aiki a 2014.

Kwalara

Ba duka masu wannan dabara ne ke da amfani ba. Vibrio cholerae, ƙwayar da ke haddasa cutar amai da gudawa, asalinta mazauniyar ruwan bakin teku ce mai ɗan gishiri, kuma ta fi sakewa a ruwan da ya karkata ɓangaren kanwa. Tana da ƙofofin musaya da dama, tana da famfon da ke tura sodiyam waje yayin numfashi, jelarta ma da sodiyam take juyawa. Rauninta shi ne tsami: asid ɗin tumbin mai lafiya yana kashe mafi yawan waɗanda aka haɗiya. Gwaje-gwajen da aka yi da masu sa kai a Amurka a shekarun 1970 sun nuna cewa idan aka fara kashe tsamin ciki da soda, adadin ƙwayoyin da ake buƙata don kamuwa da cutar yana raguwa sau dubbai. Wannan ne ya sa likitoci ke ɗaukar masu ƙarancin asid a ciki, da masu yawan shan magungunan kashe shi, a matsayin waɗanda suka fi shiga haɗari a lokacin annoba.

Ma'aikatan ɗakunan gwaji kuma sun mayar da wannan ɗabi'a tarko. Idan ana zargin kwalara, akan sa samfurin bayan gidan majiyyaci cikin wani ruwan reno da aka ɗaga ma'auninsa zuwa wajen 8.5. Yawancin ƙwayoyin hanji kan ja baya a irin wannan ruwa, ita kuwa ta kwalara sai ta yi ta ninkuwa, ta yadda cikin sa'o'i shida zuwa takwas za a iya ɗibarta a shuka a faranti a tabbatar da ita.